Kati Ɗaya a Gwangwanin Kaka

Yayata ta kaina,

Sallama daga wadda bakinta ya ƙi rufuwa. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki Kafinta da yaran, kuma ciwon bayan nan da kike kuka da shi ya sake ki. Ni lafiyata ƙalau, har ta yi yawa. Wayoyinmu dai suna kulle a ofishin makaranta, wai mai koyon tuƙin jirgin ƙasa ba ya raba hankalinsa biyu, don haka ki yi haƙuri da wannan rubutu nawa mai kama da tonon kaza.

Yaya, na ci! Jarrabawar rubutu na ci, ta sigina na ci, ta birki ma na ci. Jiya kuma malaminmu, wani tsoho mai gashin baki da ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ya ce in hau kan injin in ja shi daga rumfar gyara zuwa ƙarshen fili. Injin na gaske fa, ba na allo da muke wasa da shi a aji ba. Kujerar ta yi mini girma, sai da na matso bakinta. Da na tura sandar tuƙi, na ji ƙarfen nan duka ya ja numfashi a ƙarƙashina ya motsa, wallahi kaɗan ya rage in rangaɗa guɗa. Na tsayar da shi cif a kan farin layi. Tsohon ya leƙa ta taga, ya dubi layin, ya dube ni, ya ce, "Ba laifi." Sauran ɗalibai suka ce a bakinsa wannan lambar yabo ce.

Abu ɗaya ya rage, gwajin lafiya, shi kuwa wasan yara ne. Kin san yanzu an zuba bayanan asibitocin ƙasar nan duka a kwamfuta ɗaya, har tsofaffin takardu. Yatsa kawai za ki ɗora, tarihinki ya fito tun daga ranar haihuwa. Ba layi, ba neman fayil, ba "ki dawo gobe". Ina ma Kaka tana raye ta ga wannan, ita da ta tsani layin asibiti kamar me.

Ki gaida mini Kafinta, ki ce ya fara sassaƙa mini kujerar manya.

Taki,
Auta

*

Auta, direbar gidanmu,

Takardarki ta same ni a kicin ɗin makarantar da nake aiki, ina tsaye kan tukunyar yara. Na karanta da ludayi a hannu, na yi ihu, har shugabar makaranta ta leƙo ta ɗauka wuta ce ta kama. Na ce mata ƙanwata ce ta ja jirgin ƙasa. Ta ce wace ƙanwa? Na ce 'yar ƙanwar mahaifiyata, wadda muka tashi tare a gidan kakarmu, wadda na yi wa wanka da hannuna tana tsala ihu. Kafinta ya ce kujera tana nan tafe, amma mai gajerun ƙafafu zai yi, don ƙafarki ta taɓa ƙasa. Yara lafiya. Ƙaramin ya ce ki zo masa da jirgin ya gani, ko na yini ɗaya ne.

Bayana ya yi sauƙi. Tukunyar nan ce ba ta san girma ya fara zuwa ba, amma ina sonta a haka. Ba abin da ya kai ki ga yara sun yi layi da kwanoninsu, wani ya lashe nasa ya dawo yana rantsuwa ba a zuba masa ba.

Kwamfutar nan da kike yabo, ni ba ta kwanta mini ba. A ƙaramin asibitin unguwarmu likita yakan buɗe ta da safe ya bar ta a buɗe har yamma. Nas ta leƙa, akawu ta leƙa, mai ba da magani ya leƙa. Telan bakin layinmu ya je da wata damuwa tasa ta maza, kafin ya kawo shago labarin ya riga shi isowa. Yanzu ko gaisuwa da kai a ƙasa yake amsawa.

Kin ce har tsofaffin takardu sun zuba. Har da na asibitin da ke bayan gidan Kaka? Tambaya kawai nake.

Allah ya ba ki sa'a. Ki ci abinci, kar murna ta cika miki ciki.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina tambayar kowa da kowa. Ni lafiya, sai dai ban san ko dariya zan fara ba ki ko haushi ba.

Na je gwajin. Ido lafiya, kunne lafiya, jini lafiya. Na ɗora yatsa, likitan ya dubi allo, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ya ce, "Malama, an taɓa yi miki kaciyar maza?" Na ce, "Wa? Ni?" Ya ce ga shi a rubuce. Ya ce kuma ina da shekara shida na kamu da hawan jini da ciwon gwiwa irin na tsofaffi, na karye a ƙafa, na haɗiye maɓalli, ƙyanda kuwa ta kama ni har sau uku. Nas ɗin ta juya mana baya, kafaɗunta suna rawa.

Sai a lokacin na tuna gwangwanin biskit ɗin Kaka. Kati ɗaya ne a ciki, nawa, tunda ni kaɗai aka haifa a asibiti. Ita kuwa ta rantse ba za ta ɓata safiya a layin yankar sabon kati ba. Duk jikan da ya kwanta, sai ta zaro katina, ta ja hannunsa, tana koya masa a hanya: "In an kira sunan Auta, kai ne, ka amsa da ƙarfi." Ashe har kanta ta kai da shi! Allah ya jiƙan tsohuwar nan, ta mai da ni asibiti guda.

Likitan ya yi dariya, ya goge abin da hankali ba zai ɗauka ba. Sai ya zo kan layi ɗaya ya daina dariyar. Farfaɗiya, Yaya. Yarinya, an kawo ta sau da yawa, an ɗora ta kan magani na shekaru. Ya ce wannan ba shi da ikon gogewa, kuma ba gwajin da zai nuna ban taɓa yi ba. Mai wannan tarihi kuwa ba a ba shi jirgi. Hanya ɗaya ce: mai ciwon ya je kowane asibiti da kansa, ya ɗora yatsa, ya ce nasa ne, a mayar da shi kan lambarsa. Likitocin hukumar jiragen za su zauna ƙarshen wata, wanda ba a wanke ba ya tattara kayansa.

Ban damu sosai ba, don ina da ke. Ke ce babbarmu, komai na gidan nan a idonki aka yi. Wace ce? Ina zargin 'yar Kawu, mai yawan kwanciyar nan. Ko ma wace ce mai faɗuwar, ta zo ta kwashe kayanta daga kaina, ni ba zan ɗauki abin kunyar wata ba. Ki rubuto mini sunan kawai, sauran aikin nawa ne.

Auta

*

Yaya,

Sallama kuma. Lafiya kuwa? Kullum sai na je wurin mai raba wasiƙu, har ya fara ɓuya in ya hango ni. Ko wani ne ba lafiya a gidan? Ko kin ji haushin na yi wa Kaka tsiya? Kin san wasa nake, ba wanda ya kai ni kewarta.

An fara fita da 'yan ajinmu kan babban layi. Suna dawowa suna ba da labarin gadoji da yadda yara ke ɗaga musu hannu. Ni an bar ni a fili ina goge fitilu. Tsohon malamin ya wuce ni jiya, ya tsaya, ya ce, "Kujerarki tana nan, kar ki bari ta yi sanyi." Ban san sanda hawaye ya zubo ba.

Na rubuta wa 'yar Kawu, ta ce ita maɓallin ne nata. Don Allah ki amsa, wata ya raba.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya, kar ki sa wa ranki damuwa. Takardunki biyu sun iso.

Ki bar tonon nan. Akwai abin da Kaka ta rufe, ta kuma san dalilin rufewa. Ba kowane abu ne saninsa yake da daɗi ba. Hukumar jiragen tana da wasu ayyukan, ga ofis, ga ɗakin sigina. Ba za ki tambaya ko za su ba ki ɗaya ba?

Yayarki

*

Yaya,

Na gode da gaisuwa. Na karanta takardarki har ta kusa yagewa a hannuna, kuma na gane. Ni ce. Ashe ciwon nawa ne, ina ƙarama aka yi, kuka haɗa baki kuka ɓoye mini. Shi ya sa kika tambaya ko an zuba takardun asibitin bayan gida. Shi ya sa kika yi shiru, yanzu kuma kike lallaɓa ni zuwa ofis.

Ban yi fushi ba, na san don tausayi kuka yi. Amma tun da na gane, ko hamma na yi sai in tsaya in saurari jikina. Kofi ya ɗan suɓuce mini, na ce shi ke nan, ga shi nan ya zo. Na tuna taragai cike da mutane a bayana, mata da goyo, ni kuma a gaba na kife kan sanda. Ba zan iya ba. Ina son aikin nan fiye da yadda baki zai faɗa, amma ba zan ɗauki ran mutane in yi caca da shi ba.

Zan je wurin shugaban makaranta in janye da kaina kafin likitoci su zauna. Gara in fita da ƙafata. Abu ɗaya nake roƙo, ki gaya mini yadda yake zuwar mini, don in san abin da zan kiyaye.

Auta

*

Auta, ke dai ba ki da haƙuri tun kina zanin goyo.

Muna lafiya. Kar ki je ofishin kowa. Kar ki janye komai. In kin riga kin miƙa takarda, ki je ki ƙwace ta ko da kokawa. Na ba direban motar kaya wannan a hannu don ta riga gidan waya.

Ba ki taɓa faɗuwa ba, sai daga kan katanga, shi ma don rashin ji. Ciwon nawa ne.

Kina rarrafe ya fara. Na girme ki, amma ni 'yar firit ce a lokacin, shi ya sa katinki ya zauna mini ba wanda ya yi tambaya. Kin tuna a ɗakin Kaka nake kwana, kuna cewa ni 'yar lele ce? Kin tuna ba a aike na ɗebo ruwa, ba a bari in zauna kusa da wuta? Ba gata ba ne, gadi ne. In abin ya zo, Kaka takan kore ku waje ta ce za ta yi mini kitso. Ta taɓa ganin yadda aka yi wa wata yarinya a layinmu, aka ware mata kofi, aka hana yara wasa da ita, wai ana ɗauka a yawu. Ta ce ba jikarta ba. Na sha magani shekaru, ya tafi tun kafin in yi aure, likita da kansa ya ce in daina. Kafinta ya sani tun kafin a ɗaura. Bayan shi ba kowa.

Da kika rubuta cewa mai faɗuwa ta zo ta kwashe abin kunyarta, na zauna a bakin gado na sake karantawa. Ba ki san da wa kike ba, na sani, amma ya shige ni. Sai tsoro ya biyo baya. Ni mai dafa wa 'ya'yan mutane abinci ce, Auta, kuma 'yar shugabar makarantarmu ita ce akawu a asibitin unguwa. Na yi ta gaya wa kaina cewa aikin ofis ma aiki ne. Ban taɓa kawowa za ki ɗauki ciwon ki yafa wa kanki ba. Da na karanta kina sauraron jikinki a kan kofi, na ce a'a, wannan kam ba zai yiwu ba.

Jiya na saka mayafina mai kyau na hau mota zuwa babban asibiti, can ƙetaren gari inda ba a san fuskata ba. Na gaya wa wata likita komai. Ta saurara, ta yi tambayoyi, na ba ta har launin ƙwayar da nake sha. Na tambaye ta wa zai gani. Ta ce a ƙa'ida likita kaɗai. Na ce a ƙa'ida fa kika ce. Ta yi murmushi. Na ɗora yatsa. An cire shi daga kanki.

Kin san abin mamaki? Da na fito, yunwa na ji, irin wadda na daɗe ban ji ba. Na tsaya a bakin titi na sayi abinci na ci a tsaye kamar 'yar makaranta.

Je ki hau kujerarki.

Yayarki

*

Yaya, Yayata,

Direban ya same ni a ƙofar ofishin shugaba, wallahi da takardar janyewa a aljihuna. Na karanta taki a tsaye, na zauna a kan matakala na yi kuka har mai shara ta kawo mini ruwa. Ki yafe mini bakin nan nawa. Na yi ta cewa ke 'yar lele ce, ashe ke kaɗai kika san abin da kike ɗauke da shi. Ban san da wane baki zan gode miki ba. Yaya jikinki, yaya yara, yaya Kafinta, Allah ya saka masa.

Yanzu ki gyara zama. An wanke ni! Likitoci sun zauna, suka buɗe, fes, ba komai sai ƙyanda guda ɗaya, ita ma sun ce in riƙe ta tawa ce. Washegari aka sa sunana a babban layi. Yaya, na ja taragan kaya masu tsawon da in na leƙa baya a kwana ba na ganin ƙarshensu. Mun ƙetare wata gada, ruwa yana ƙyalli a ƙasa, ƙarar ƙarfe ta canza kamar ana buga ganga. A wata mahaɗa motoci sun yi layi suna jira na, ni, Autar Kaka! Wata mata a cikin bas ta hango ni, ta daki ta kusa da ita tana nuna ni da yatsa. Na danna ham har sai da tsohon malamin ya ce ya isa. Kuma na ga haƙoransa. Guda biyu babu, ashe dalilin ke nan.

In na gama watannin gwaji za a ba ni jirgin fasinja. Hular direbobi ma an ba ni, ta yi mini yawa, na cusa takarda a ciki.

Na tambayi likitanmu a kan naki. Ya tabbatar mini an kulle irin wannan bayani, kuma duk wanda ya leƙa ba dalili sunansa yana fita, ana iya hukunta shi. Don haka ki kwantar da hankalinki, ba wanda zai gani. Ki rubuto ki ce mini komai lafiya.

Taki har abada,
Auta

*

Direba,

Takardarki ta zo, an karanta ta a gidan nan har yara sun haddace. Ƙaramin ya jera kujeru a tsakar gida ya ɗora wa kansa kwano, shi ne ke, ni da ubansa fasinja. Duk muna lafiya. Amma kin yi mini rowa. Gadar nan, tsawonta ya kai ina? Matar cikin bas ɗin, tsohuwa ce ko yarinya? Ki sake rubutowa dalla-dalla, kar ki tsallake ko kwana ɗaya ta hanya.

Kin ce in ce miki komai lafiya. Ba zan fara yi miki ƙarya yanzu ba. Na je asibitin unguwa karɓar maganin baya, sati bai zagayo ba shugabar makaranta ta kira ni ofis. Ta ba ni kujera, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ta ji wani labari, ba ta faɗi inda ta ji ba, ni ma ban tambaya ba. Ta ce ita ta san ba a ɗauka, ita mai ilimi ce, amma iyayen yara ba duka suka sani ba. Ta ce kuma don lafiyata bai kamata in tsaya kan wuta ba. Na ce shekara nawa ina kan wutar nan? Ta ce ai da ba a sani ba.

Ba ta kore ni ba. An kawo wata ta karɓi tukunya, ni an mai da ni bayan kicin wurin wanke-wanke. Yara suna leƙowa ta taga suna cewa abincin sabuwar ba gishiri. Ina kora su, amma ba zan ɓoye miki ba, daɗi nake ji. Kafinta ya ce mu kai ƙara, tunda sunan mai leƙe yana fita. Sunan likita ne zai fita, shi da ya bar kwamfutar a buɗe. Duk da haka za mu kai, ko don telan bakin layi.

Ya yi ciwo, Auta. Ranar farko na wanke kwanonin da hawaye. Amma na san ki, kina karanta wannan kina neman jakarki. Kar ki zo, kar ki roƙi kowa, kar kuma ki kuskura ki ce da kin sani. Ni na je da ƙafata, kuma na san unguwarmu sarai kafin in je.

Abin da nake so a wurinki ɗaya ne. Ranar da za a ba ki jirgin fasinja, ki aiko mini tun da wuri in nemi hutu. Ki sama mini kujera a tarago na farko, bakin taga, inda zan ji sanda kika saki birki. Ina so in zauna in ga abin da na saya da tukunyata.

Yayarki